Ba da son ranmu muke biyan hayar shekara biyu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo na daren Asabar ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda mai gabatarwa ya bar ta ta wuce bai ce uffan ba. Wai mu 'yan haya ne muke kai wa masu gida kuɗin shekara biyu da hannunmu don mu samu kwanciyar hankali, wai babu wanda ya tilasta mana. Subhanallahi! A wace Accra mutumin nan yake zaune?

Ni tela ne, a Nima aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana. Bara maigidan da muke haya ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka ce za su rushe gidan su yi shaguna. Haka na shiga neman ɗaki da falo, daga Nima zuwa Maamobi zuwa New Town. Kowane dillali sai ka ba shi kuɗin kallo kafin ya ɗaga ƙafa, ka kuma biya masa mota, ya kai ka wani ɗaki a bakin gwata wanda shatin ambaliya ke jikin bango har gwiwa, ba ruwa, ba banɗaki, sai dai ka bi layin na gwamnati da asuba. Idan ka ce bai yi maka ba, kuɗinka ya tafi.

Da Allah ya sa na samu wanda ya yi mini, aka ce sidi 800 a wata, shekara biyu a dunƙule. Sidi 19,200 ke nan, ga la'adar dillali kashi 10 a kai. Na ce wa maigidan, Alhaji, ka dubi Allah ka karɓi na wata shida, in na yi ɗinkin salla in cika maka na shekara. Ya ce mini, ɗana, in ba ka shirya ba akwai waɗanda ke jira. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. To Malam Edita, ina zaɓi a nan? Ina son rai?

Na kwashe adashina kaf. Matata ta sayar da 'yan kunnenta na aure. Na sayar da keken ɗinki guda cikin waɗanda yarana ke koyo a kai, na kuma ci bashin ƙanina da ke Kumasi, har yanzu nauyinsa nake ji in ya kira ni. Duk da haka kuɗin bai kai ba, ɗakin ya wuce ni. Yau muna can bayan Kasoa, wajen birnin Accra. Kafin kiran sallar asuba nake fita neman trotro, wato motar haya, don in tsere wa cunkoson motoci a mahaɗar Mallam, in dawo yara sun yi barci. Na cire su daga makarantar allon da ni ma a cikinta na yi karatu. Mahaifiyata tana Nima, ta tsufa, da kullum sai na leƙa ta safe da yamma, yanzu in aiki ya yi yawa sai dai waya.

Kuma fa akwai doka. Dokar haya ta 1963 ta hana maigida karɓar fiye da na wata shida gaba. Mai gabatarwarku ya san da ita, don na taɓa jin ya ambace ta, me ya hana ya tunatar da baƙon? Kowa ya san dalilin da ya sa ɗan haya ba ya kai ƙara. Wanda ke neman inda zai kwantar da iyalinsa ba zai fara da shari'a da mai ɗakin ba. Bayan ƙidayar 2021 an ce ƙasar nan tana da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8, ga gidajen da gwamnati ta gina a Saglemi can da aka narkar da dukiyar ƙasa a kansu, an bar su shekara da shekaru ba kowa ciki. In masu nema sun fi ɗakuna yawa, abin da maigida ya faɗa shi ne farashi.

Baƙon ya kuma ce ai gwamnati ta kawo tsarin rancen haya a 2023, ana biya maka ka riƙa mayarwa wata-wata. Haka ne, amma sai ka nuna shaidar abin da kake samu. Tela, mai waakye (shinkafa da wake), mahauci da mai turin kaya a kasuwa, wa ke rubuta mana takardar albashi? Kuma rancen biyan abin da doka ta hana karɓa, ai ƙarfafa wa masu gida gwiwa ne.

Ban ce duk masu gida azzalumai ba ne. Marigayin da na zauna a gidansa bai taɓa ɗaga mini murya kan haya ba. Amma kada a zauna a gidan rediyo a ɗora mana laifin wuƙar da aka sa mana a wuya. Ku gayyato ɗan haya na gaske daga zango, ku ba shi lokaci daidai da na wancan.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Tun da aka buɗe kira nake bugawa har shirin ya ƙare bai shiga ba, amma kullum muryoyin mutanen da muka saba ji su ne ke shiga. Haka kuma masu gabatarwa su rage Turanci, tsofaffinmu na saurare kuma rabin maganar na wuce su.

Wassalam.
Mai sauraronku, tela daga Nima, Accra.