Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Shirin Jarrabawar CAPM

Assalamu alaikum. Iyayen kungiya, Malam Shugaba, Hajiya Ma'aji da sauran 'yan uwa maza da mata na cikin garin Gombe, da wadanda ke bibiyarmu daga Kumo, Bajoga, Billiri da Kaltungo, barkanmu da ganin karshen shekara lafiya. Ga rahoton ofishin sakatare. Maganar shige da ficen kudi tana cikin takardar Hajiya Ma'aji, ba zan maimaita ta a nan ba, mai tambaya kan kudi ya ajiye ta zuwa ranar taro.

Kamar yadda muka tsayar a taron farkon shekara, aikinmu na bana guda daya ne, wato shirya mambobi su zauna jarrabawar CAPM, shaidar matakin farko a fannin sarrafa ayyuka (project management), ta PMI, cibiyar kwararrun wannan fanni wadda aka kafa a Amurka tun 1969. Saboda sabbin shiga bari in sake fadin dalilin da yasa ba mu tafi kai tsaye ga PMP, babbar shaidar PMI ta masu gogewa, ba duk da ita ce aka fi ji a bakin mutane. PMP tana bukatar mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar aiki, wanda ba shi da digiri kuma wata 60, galibinmu kuwa daga bautar kasa muka fito ko kuma muna kananan mukamai a kungiyoyin agaji da ma'aikatu. Ita CAPM takardar gama sakandare kawai take nema da awa 23 na karatun sarrafa ayyuka, kuma duk wanda ya same ta in ya tashi neman PMP an yafe masa awa 35 din karatun da ake tambaya.

Zaman karatu mun yi shi duk Asabar da safe a ajin da wani hedimasta ya ara mana a Tudun Wada, Allah Ya saka masa da alheri don ko sisi bai karba ba. Da azumi muka koma WhatsApp bayan asham. Da damina ta kankama kuwa aji ya rame sosai, wannan ya tafi gona wancan ruwa ya tare shi, sai bayan an fara girbi mutane suka dawo.

Abu na farko da ya jawo ce-ce-ku-ce shi ne awa 23 din nan. Wasu sun dauka zamanmu na Asabar ya isa su rubuta a fom. Bai isa ba fa. PMI ba ta lissafa karatun da mutum ya yi wa kansa ko wanda abokai suka taru suka yi, sai kwas mai tsari wanda aka ba ka shaida a karshensa, kuma suna tsamo wasu fom din haka nan su ce a kawo hujja, in ba ka da ita ka shiga uku. Yawancin mambobi sun cike wannan gurbi da kwas na intanet, wasu suka bi na Google da ke kan Coursera tunda akwai hanyar neman tallafi ga wanda ba shi da hali. Kuma kar wanda ya manta, sai an gama awannin kafin a zauna jarrabawar.

Toh yanzu ga inda nake son mu dan dade, domin a ganina nan ne shekarar nan ta koya mana abu. A watannin farko wasu tsofaffin takardu sun yi ta yawo a guruf, wadanda aka tsara kan bugu na 6 na PMBOK, littafin jagora na PMI kan sarrafa ayyuka, mutane suka dukufa haddar matakai 49 da fannoni 10, har akwai wanda ya manna jadawalin a bangon dakinsa yana bita kamar mai shirin musabaka. Ba na raina kokarin, kuma sanin matakan bai baci ba, amma jarrabawar ta canza tun 2023. Yanzu kashi hudu ce: tushen sarrafa ayyuka kashi 36 cikin 100, tsarin da ake zana komai tun farko kashi 17, tsarin ajayil (wato yin aiki zango-zango ana gyarawa a hanya) kashi 20, sai nazarin bukatun wadanda ake yi wa aikin kashi 27. Ku duba da kyau, ajayil da nazarin bukatu in an hada kashi 47 ne, kusan rabin jarrabawa kenan, kuma su ne tsofaffin takardun nan suka fi tsallakewa. Sannan tambayoyin ma ba "kawo ma'anar kaza" ba ne zalla, labari za a ba ka, a ce kana cikin aiki kaza ya faru me ya kamata ka fara yi, amsoshi hudu a gabanka biyu duk suna kama da daidai. Mai hadda a nan yake tsayawa cak.

Daga tsakiyar shekara kwamitin karatu ya sauya salo, muka daina karanta babi-babi muka dauki aiki daya da kowa ya sani muka bi shi daga farko har karshe, wato haka rijiyar burtsatse a makarantar kauye. Wa ya kawo kudin, su waye masu ruwa da tsaki, mai unguwa da hedimasta da iyayen yara da masu injin haka, me kowannensu yake so kuma wa zai iya tsayar da aikin in aka tsallake shi. Muka yayyanka aikin kanana-kanana, muka jera abin da dole ya riga wani, ba a dora tanki sai an gina hasumiya, ba a sayo famfo sai an san zurfin ruwa, daga nan kowa ya gane da kansa cewa akwai jerin ayyukan da in daya ya makara da kwana biyu duk aikin ya makara da kwana biyu, akwai kuma masu dan sarari. Lissafin da ke ba mutane tsoro ma a nan ya sauka. Misali an ware naira miliyan 1, an gama rabin aiki, darajar abin da aka yi dubu 500 kenan, amma an riga an kashe dubu 625, ka raba 500 da 625 ka samu 0.8, wato duk naira daya da ta fita aikin kobo 80 ta yi. Wata 'yar uwa da ke aiki da masu raba kayan abinci ta ce ai shekara da shekaru tana rubuta irin wannan rahoton ba ta san yana da suna ba.

Ajayil kam ya ba mu wahala, gaskiya, saboda kusan babu wanda ya taba aiki da shi a cikinmu sai wasu samari biyu masu rubuta manhaja, su suka rike mana wannan bangaren, Allah Ya kara basira. Sun nuna mana yadda ake aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata daya ba, ana tsayuwar minti 15 kullum, a karshen zango a nuna wa mai aiki abin da aka yi ya ce a gyara ko a wuce. Abin da ya fi daure wa ma'aikatan gwamnati a cikinmu kai shi ne wai ba oga ne ke raba wa kowa aiki ba, tawagar ce ke tsara kanta. An sha dariya ranar.

Sai jarrabawar gwaji. Ta gaske tambaya 150 ce cikin awa 3, 15 daga ciki ba a ba su maki amma ba za ka san wadanne ba ne, akwai hutun minti 10 bayan tambaya ta 75 kuma in ka wuce ba komawa baya. In ka raba, dakika 72 ke gare ka kan kowace tambaya, da Turanci, don babu ta da Hausa. A gwajin farko mutane da yawa ba su kai karshe ba, ba don ba su san abin ba, karatun dogon labarin ne ke cinye lokaci, wani sai ya karanta sau uku kafin ya gane me ake tambaya. Wadanda suka zauna ta gaske bana suka ci, duk cikinsu babu wanda bai yi cikakken gwaji na awa 3 fiye da sau daya ba. Wadanda ba su samu ba kuma, ba zan kira suna ba, galibi sun tsallake gwajin ne suna cewa sun shirya. Kuma dan Allah a daina yada cewa maki kaza ake ci da shi, PMI ba ta fitar da makin ci, sakamako yana nuna maka ne a kowane kashi ko ka haura abin da ake so ko ka kai ko ka gaza.

Kudi shi ne babban ciwon kai. Da dala ake biya, farashin da aka dade da sani dala 225 ga mamban PMI, 300 ga wanda ba mamba ba, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mai albashin wata. Adashin da muka kafa ya taimaka, sai dai wasu sun kwashi nasu sun yi wata hidimar da shi, Malam Shugaba ya ce a bar maganar sai a zaure. Ga kuma katin banki da wani lokaci ya ki wucewa. A sani in an amince da fom dinka shekara daya ke gare ka, zama uku a cikinta, kuma kowane sake zama da kudinsa.

Wajen zama, kamfanin Pearson VUE ke gudanar da ita, ko a cibiya ko a gida ta intanet ana kallonka ta kyamara. Ni kam shawarata a tafi cibiya. A gida sai ka samu daki shiru ba mai shigowa, tebur wayam, wuta da netwok da ba za su yanke ba har awa 3, a gidan yawa da yara wannan sai dace. Wadanda suka tafi Abuja ta Bauchi da Jos sun kashe kudin mota da kwana amma hankalinsu ya kwanta. Sannan sunan da ke fom ya zama daidai da na katin shaida harafi da harafi, mai Muhammad a fasfo da Mohammed a fom ya gyara tun yanzu.

Wadanda suka ci muna taya su murna, su tuna duk shekara 3 ana sabunta shaidar da maki 15 na karin ilimi. Wasu sun tambaye ni ko yanzu aiki ya samu kenan, ni dai ban yi wa kowa wannan alkawarin ba, takarda ce da ke sa a dubi CV dinka sau biyu, a intabiyu kuma abin da ka taba rikewa za a tambaye ka.

Abin da kwamiti ya tsayar na badi: ba wanda zai kwashi adashi don biyan jarrabawa sai ya zauna cikakken gwaji sau biyu a gaban kwamitin karatu, kuma ma'aji ce za ta biya kudin kai tsaye ba a hannu za a ba mutum ba. Za a goge tsofaffin takardun nan daga guruf. 'Yan uwa mata sun nemi a dawo da zama karfe 10 maimakon 8 saboda hidimar gida, an amince. Na Kumo da Bajoga kuma za mu gwada hada su ta waya sau daya a wata. Masu bashin kudin wata su ga Hajiya Ma'aji kafin taro, za a karanta sunaye.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa