Amsa ga Alhajin da ya ce muna ɓoye maganin amosanin jini

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyon da aka yi ranar Asabar a nan Yamai ka ambaci sunana, ka ce tunda mu masu koyar da ilimin magunguna mun yarda Dépakine, maganin farfaɗiya, yana buɗe ƙwayoyin gado, kuma ga shi nan a farmasi, me ya hana mu ba yara masu amosanin jini? Ka ƙara da cewa ko kamfanonin Turawa ne suka toshe mana baki. Wannan ta ƙarshen ce ta sosa mini rai, domin iyayen da ke kwana zaune da yaro yana kukan ciwon ƙashi sun saurare ka, kuma kai mutum ne da ake jin maganarsa a gari.

Zaren DNA, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a cikin ƙwayar halitta guda ya kai mita 2, shi ya sa yake naɗe a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Wutsiyar histon tana manne wa DNA gam. Idan enzayim ɗin HAT, wani furotin mai aiki a cikin ƙwayar halitta, ya ɗora mata ɗan sinadarin asetil sai riƙon ya sassauta, a iya karanta abin da ke wurin, wato ƙwayar gadon ta buɗe. Idan enzayim ɗin HDAC ya cire asetil ɗin, sai wurin ya sake ɗaurewa. Tun 1964 Vincent Allfrey ya bayyana wannan a Amurka. Mutum yana da HDAC iri 18, kuma 11 daga cikinsu da zink suke aiki. Yawancin magungunan da ke hana su aiki, wannan zink ɗin suke shiga su cafke.

Abin da ka tsallake shi ne, maganin da ke hana HDAC aiki, irin su Dépakine, bai san ƙofar da kake so ya buɗe ba. Kai kana son ƙwayar gadon HbF, wato himogulobin ɗin da jariri ke fitowa da shi daga ciki, wanda ke hana jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Shi kuwa yana taɓa ƙwayoyin gado masu yawa a lokaci guda, a hanta, a ɓargo, a zuciya. Vorinostat, na farko cikin irin waɗannan magunguna da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 2006, an ware shi ne ga wani nau'in sankarar jini da ke bayyana a fata, miligiram 400 a rana tare da abinci. Romidepsin ya biyo a 2009, belinostat a 2014. Dukkansu suna iya rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, su jawo zawo da kasala, wasunsu har su rikita bugun zuciya. Mai sankara yana iya ɗaukar wannan nauyin. Yaron da ɓargonsa ke ta fama dare da rana, wa zai ɗora masa?

Shawarar taka ma an riga an gwada ta a fili. A 1993 aka wallafa gwajin arginin butirat, wani sinadari da shi ma ke hana HDAC aiki, a kan masu amosanin jini da masu talasemiya, wata cutar jini ta gado, aka ga alamar ƙwayar gadon HbF ta farka. Sai dai butirat yana ɓacewa daga jini cikin ƴan mintoci, dole a ba da shi ta jijiya na tsawon awoyi, kuma idan aka ci gaba babu hutu sai tasirin ya dushe.

Shi kuwa Dépakine, wato balfurowat, maganin farfaɗiya ne. A 2001 aka gano yana hana HDAC aiki, amma da rauni, sai ya taru a jini sau ɗaruruwa fiye da vorinostat kafin ya yi wannan aikin. Yana iya lalata hanta, musamman ga yaro ƙasa da shekara 3 a watanni 6 na farkon shansa. Idan mai ciki ta sha, kusan jariri 1 cikin 10 ke zuwa da tawaya, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, kuma 30 zuwa 40 cikin 100 suna samun jinkirin magana ko na fahimta. A ƙasar da mata ke haihuwa da ƙuruciya, ka tsaya gaban makirfo kana kwaɗaita shi.

Maganar kamfanoni ba zan daɗe a kanta ba. Abin da muke ba da shawara a kai, hidiroksiyuriya, tsohon magani ne da kamfanoni da dama ke yi. Yana ɗaga HbF ta wata hanya dabam, ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, tare da awon jini a kai a kai. An gwada shi a kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, ciwo ya ragu, mace-mace ma sun ragu. Da ka tambayi dalilin da ya sa mahaifi daga Tawa ke shan wahalar samunsa da kuɗin awon jinin, da na tsaya tare da kai. Amma ka zaɓi maganar da za ta tura mutane wurin masu baje ƙwayoyi a tebur cikin rana, ba takardar likita, ba awo, kuma ina tambayar kaina wa wannan zai amfana.

Ina roƙonka ka koma gidan rediyon ka gyara. Ka faɗa wa iyaye kada su ba yaro Dépakine don amosanin jini. Mace mai farfaɗiya da ke shansa kuma kada ta daina kwatsam, domin farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfi. Ta ga likitanta kafin ta ɗauki ciki.

Wassalam.