Wane ne mutumin nan mai jakar takardu a wasan Half-Life?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta daɗe tana tashe a tsakanin ma'abota wasannin kwamfuta, wato asalin mutumin da ake kira G-Man a jerin wasannin Half-Life na kamfanin Valve. Wanda bai buga wasannin ba kuma yana da niyya, ya sani cewa zan bayyana ƙarshen wasu daga cikinsu.

Wasan farko ya fito ne a watan Nuwamba na 1998. Labarin wani masanin kimiyya ne mai suna Gordon Freeman, ma'aikaci a cibiyar bincike ta Black Mesa da ke jihar New Mexico ta Amurka, inda wani gwaji ya ɓaci ya buɗe ƙofa tsakanin duniyarmu da wata duniya da ake kira Xen. Tun daga farkon wasan mai bugawa yakan hango wani siririn mutum sanye da kwat shuɗiya, riƙe da jakar takardu, yana tsaye a bayan gilashi ko a kan wata baranda da ba ta isuwa, yana kallo cikin natsuwa yayin da jama'a ke ta mutuwa. Sai a ƙarshe yake buɗe baki, da wata irin magana mai tsinkewa a inda bai kamata a numfasa ba, ya ce iyayen gidansa sun amince a ɗauki Gordon aiki. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi su wane ne iyayen gidan nasa ba, kuma har yau kamfanin bai faɗa ba.

Hasashen da ya fi yaɗuwa shi ne cewa wannan mutum Gordon ne da kansa, wanda ya tsufa ya dawo daga wani zamani mai zuwa yana jagorantar ƙuruciyarsa. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da sunan, su ce an ɗauki harafin farko na Gordon da ƙarshen Freeman. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin babu wanda ya kira shi da sunan a cikin labarin, masu wasa ne suka tsinto shi daga fayilolin wasan, kuma tun kafin a ƙirƙiri Half-Life Amurkawa ke kiran jami'an gwamnatin tarayya da wannan laƙabi. Hujjarsu ta biyu ta ɗan fi nauyi: a ƙarin wasan nan Opposing Force na 1999, mutumin ya gaya wa sojan nan Adrian Shephard cewa masu tsira daga bala'i duk tsananinsa suna tuna masa da kansa. Amma abin da wannan magana ke nunawa kawai shi ne shi ma ya taɓa tsallake rijiya da baya. Ba ta ce shi Gordon ba ne, ba ta ma ce shi ɗan Adam ba ne, ga kuma cewa kamfanin Gearbox ne ya shirya wannan ƙari.

Masu cewa jami'in leƙen asirin Amurka ne sun yi daidai da shigarsa, amma ra'ayinsu ya rushe tun a 2004 da Half-Life 2 ya fito. A lokacin da labarin ya ci gaba babu sauran gwamnatin Amurka, rundunar Combine, wasu mahara daga wata duniya, ta cinye duniya a yaƙin da bai wuce awa bakwai ba, amma ga mutumin nan yadda yake, ya ajiye Gordon kusan shekara ashirin ba tare da ya tsufa ba, sannan a ƙarshen wasan ya tsayar da lokaci cak ana tsakiyar fashewa.

A ganina, duk mai son gaskiyar lamarin ya kamata ya fara daga maganar Nihilanth, babbar halittar da Gordon ya kashe a ƙarshen wasan farko. A cikin kalaman da take aikawa cikin kan Gordon akwai inda ta ce shi Gordon mutum ne, amma wancan da ke jiran sa ba mutum ba ne. Wannan ita ce shaida mafi kusa da bayani kai tsaye da marubutan suka taɓa bayarwa, kuma ta dace da yadda yake furta kalmomi tamkar wanda aka koya wa numfashi da magana daga baya. Daga nan ne wasu suka yi nisa suka ce ɗan jinsin halittun nan ne da ake kira Advisors, masu yi wa Combine aiki, waɗanda Vortigaunt (wasu halittu da suka zo daga Xen suka zama abokan Gordon) ke kira Shu'ulathoi, wai shi ne wanda ya kuɓuta daga bautar Combine yana neman fansa. Tushen wannan hasashe wasu rubuce-rubuce ne da marubucin wasan, Marc Laidlaw, ya yi a Twitter a wajen wasan, kuma shi kansa ya bar Valve a 2016. Hasashe ne mai daɗi, ina kuma girmama masu shi, sai dai wasan Half-Life: Alyx na watan Maris 2020 ya kawo masa cikas. Bayan Alyx Vance, abokiyar gwagwarmayar Gordon, ta fitar da mutumin daga kurkukun da Combine suka tsare shi, ya ba ta damar roƙon alfarma guda, ta nemi ya kori Combine daga duniya, sai ya ƙi, ya ce hakan ya saɓa wa bukatun iyayen gidansa. Mai neman fansa ba zai yi wannan magana ba.

Abin da na yarda da shi shi ne dillali ne, irin wanda ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a kara, shanun ba nasa ba ne kuma kuɗin ba nasa ba ne, amma babu cinikin da ke faɗawa sai da hannunsa. Shi da bakinsa ya gaya wa Gordon cewa an yi masa tayi masu kyau a kan aikinsa, Dokta Breen, tsohon shugaban Black Mesa da ke mulkin duniya a madadin Combine, shi ma ya ce kwangilar Gordon a buɗe take ga wanda ya fi tayawa. A kashin wasan na 2007, wato Episode Two, Eli Vance mahaifin Alyx ya bayyana cewa wannan mutum ne ya kawo dutsen da aka yi gwajin Black Mesa da shi, kuma shi ne ya fitar da Alyx daga cibiyar tana ƙaramar yarinya domin ya ga za ta yi amfani nan gaba. Haka kuma ikonsa yana da iyaka, tunda Vortigaunt sun taɓa tare shi suka ƙwace Gordon a kashin 2006, wato Episode One, Combine ma sun iya kulle shi. Duk wannan ya sa nake ganin tambayar inda ya fito ba ta kai nauyin tambayar wa ya aiko shi ba, kuma a nan ne ya kamata masu hasashe su zuba ƙoƙarinsu.

Ga masu riƙe da ra'ayin cewa shi ne Gordon, ina da tambaya guda. A ƙarshen wasan Alyx, bayan ya ba yarinyar damar ceton mahaifinta daga mutuwa, ya ɗauke ta aiki a madadin Gordon, yana mai cewa tsohon ma'aikacin ya kasa ko kuma ya ƙi yin abin da aka sa shi. Ta yaya mutum zai sallami kansa daga aiki ya maye gurbinsa da wata, sannan ya girma ya zama wanda ya yi sallamar? Idan akwai mai amsa daga cikin wasan kansa, ina roƙon Malam Edita ya ba shi fili kamar yadda ya ba ni.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya