A Ware Wa Kimiyya Shafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sanya rigakafin zazzaɓin cizon sauro, RTS,S, cikin alluran yara na yau da kullum, bayan masana sun shafe fiye da shekara 30 suna aikinsa. Amma a nan Marwa, maƙwabciyata da goyonta ta juyo daga bakin asibiti saboda wata jita-jitar WhatsApp. Abin ya dame ni ƙwarai. Ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata cewa allura huɗu ce, ana farawa daga wata shida, kuma ba a daina kwana cikin gidan sauro. Don Allah ku riƙa kawo mana irin waɗannan binciken kowane mako, da Hausar da kowa zai gane.

Naku,
Mai karatu daga Marwa