Zuwa ga ɗana a Marwa, kan maganar jarin albasa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, kuma na fahimci nufinka na sayen albasa a watan Maris, lokacin da take arha, ka adana ta har farashi ya tashi bayan damina, sannan ka tura ta Yawunde da Duwala.

Ɗana, kowane dillali a kasuwa ya san wannan tazarar farashi, saboda haka mai kuɗi ba zai ba ka jari don ka gan ta ba. Abin da zai tambaye ka shi ne dalilin da ya sa tazarar ba ta rufe ba duk da yawan masu ganinta. Dalilin kuwa shi ne albasa tana ramewa kuma tana ruɓewa a ajiya, manomi yana bukatar kuɗi da zarar ya cire ta, sannan kuɗin mota zuwa kudu yana cin nasa kason. Wanda ya iya gina rumfa mai shan iska, ya kuma iya tsince ruɓaɓɓiya kafin ta shafi 'yan uwanta, shi ne yake da abin da zai nuna wa mai jari.

Ka tuna da masu fetur ɗin zuwa-zuwa, wato man da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya. Ribarsu ta dogara ne kan tallafin mai na Najeriya, da aka cire shi a watan Mayun 2023 kuwa sai farashi ya tashi, da yawansu suka rasa abin kamawa. Tazarar albasa ta fi wannan ƙarko, domin rani da damina ne suka haife ta.

Game da kuɗi, ban yarda ka fara da bashin banki mai ruwa ba. Ka ɗauki kwasar adashinka ka gwada da buhu kaɗan, kana rubuta nauyin da ka saya, da wanda ya rage, da abin da ka biya 'yan dako. Idan ka je wa kawunka da wannan littafi, ka nemi ƙiradi, wato shi ya sa jari kai ka juya shi, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka bayyana shi: a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, ba adadin sefa ba, idan kuma aka faɗi ba tare da sakacinka ba, shi ya yi asarar dukiya, kai ka yi asarar wahalarka. A rubuta, a sa shaidu, ko da yake ɗan uwa ne.

Ka aiko mini da lissafin kuɗin rumfar kafin ka yi masa magana. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka, daga Garwa.