Zuwa ga ƙanena, kafin ka kamo hanyar Legas

Agege, Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ka durƙusa ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce saƙonsu ya iso. Na ji an tsayar da magana bayan Babbar Sallah za ka taso daga Maraɗi. Zancen mota da kuɗin hanya sai mun yi waya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bidiyoyin muƙabala da kake ta turo mini a WhatsApp, kana cewa ka shirya wa fastocin Legas. Ba ka shirya ba tukuna, ƙanena.

Kiristocin da ka sani a Maraɗi da Galmi 'yan kaɗan ne, kuma ba su cika tsokano magana ba. Nan kuwa gidan Bayarabe ɗaya za ka tarar uba Alhaji, uwa mai zuwa coci, tukunya ɗaya. A cikin danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, wani zai miƙe ya yi wa'azi tun daga Oshodi har Agege (a manyan bas-bas na BRT ne aka hana). Juma'ar farko ta kowane wata hanyar Ibadan kan cushe saboda taron cocin Redeemed, safiyar Lahadi kuma Musulmin Yarabawa na cika wuraren zikirin ƙungiyar NASFAT. Mai wa'azin mota ba da kai yake ba, ka biya kwandasta ka yi shiru. Wanda za ka yi magana da shi abokin aiki ne ko maƙwabci, kuma cikinsu akwai waɗanda aka koyar da kare addini, sun san lambobin ayoyinmu.

Zai buɗe maka Nisa'i 171, ya ce ga Alƙur'aninku ya kira Isa kalmar Allah da ruhi daga gare Shi. Ka ce ya ƙarasa ayar, domin a cikinta aka ce kada ku ce uku. Ka haɗa masa da Ali Imrana 59, inda aka misalta Isa da Adamu. Zai kawo Ma'ida 47 da Yunus 94 don ya nuna Alƙur'ani ya gaskata littafinsu; amsar malamai tana Ma'ida 48 da Baƙara 79, amma sai ka karanta tafsirinsu a gaban malami, haddar lamba ba ta isa. A kan gicciye zai ce har Tasitus, marubucin tarihin Rumawa wanda ba Kirista ba, ya rubuta an kashe Almasihu a zamanin Bilatus. Mu kuma muna da Nisa'i 157, wadda ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. A nan hanya ta rabu, ka faɗi abin da wahayi ya ce ka tsaya.

Inda samarinmu ke sayo wa kansu kunya shi ne hujjojin da suke kai hari da su. Na farko, cewa Kirista na bauta wa alloli uku, ko Allah ya auri Maryamu. Manyan cocinsu ba sa koyar da haka. Su cewa suke Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma "Ɗa" a wurinsu ba haihuwar jiki ba ce. Mu ba mu yarda ba, amma in ka jingina masa abin da bai faɗa ba, ya daina sauraronka ke nan.

Sai "an canza Linjila" kai tsaye. Zai tambaye ka yaushe, wa ya canza, wace aya? Akwai kwafin Sabon Alkawari na Helenanci da aka samo a Sina'i, an rubuta shi a ƙarni na 4, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi (SAW). Abin da za ka iya faɗa da hujja shi ne Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11 babu su a wannan kwafin, kuma bugu da yawa nasu sun rubuta haka a ƙasan shafi. Shi zai ce wannan shaida ce ba sa ɓoye komai, ka san da wannan amsar tun kafin ka buɗe baki. Taron shugabannin coci na Nikiya a shekarar 325 kuma, ba littattafan Linjila aka zaɓa a can ba kamar yadda samarinmu ke faɗa. Gardama ce kan matsayin Yesu, tsakanin wani limamin coci mai suna Ariyus da masu ja da shi. Linjilar Barnaba kuwa ka ajiye ta gaba ɗaya. Tsofaffin kwafinta da Italiyanci da Sifaniyanci suke, ba su da tsufan da ake ba su, kuma ta ce Isa ba shi ne Almasihu ba, ta saɓa wa Alƙur'ani ke nan. Idan ka kawo "Mai Taimako" na Yahaya 14:16 a matsayin bushara da Annabi (SAW), ka sani aya ta 26 ta kira shi Ruhu Mai Tsarki, can zai kai ka.

Zagi kuwa, An'am 108 ta riga ta hana. Ga shi kowa na riƙe da waya, minti ɗaya na fushinka zai zaga Facebook. Rikicin unguwar Mile 12 a nan Legas na Maris 2016 daga hatsarin ɗan acaba ya faro, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwa. Kai baƙo ne mai katin Nijar, in magana ta yi zafi ka ce sai an jima.

Ranar da za a ɗauke ka aiki ka yi maganar Juma'a, ka faɗi awa nawa kake bukata da yadda za ka rama; wanda ya bari sai an yi wata ya fara ɓacewa da azahar, shi ake sallama. Shinkafar Kirsimeti in maƙwabci ya aiko, ka karɓa, ka tambayi wane nama ne cikin ladabi, kai ma ka aika da naman layya a Babbar Sallah, wadda Yarabawa ke kira Ileya. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankali kan yaran: tun Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata damar sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

Ka taho da tafsirin Jalalaini na ɗakina, da kilishi, da kuka ko tiya biyu ce. Ka gaida su Gwaggo da duk mutanen unguwa.

Yayanka.