Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan man CBD da masu farfaɗiya

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, mu likitoci ne da masana haɗa magunguna masu kula da cututtukan ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa muka rubuto maka a bainar jama'a shi ne wani mai da ake tallatawa a intanet da sunan man CBD, ana ce wa iyaye yana warkar da farfaɗiya, mantuwa, rashin barci, har da taɓin hankali. Akwai 'yar gaskiya a cikin maganar, kuma da ita ake fakewa. Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta raba wa jama'a aya da tsakuwa.

Sinadarai biyu na ganyen wiwi ne mutane ke kasa bambancewa. Na farko THC, wanda ke bugarwa. Allah ya halicci ƙwaƙwalwa da wasu mazaunai da ake kira CB1, kamar kwaɗo, jiki kuma yana sarrafa mabuɗinsu da kansa. An gano ɗaya daga cikin waɗannan mabuɗai, anandamaid, a 1992. Aikinsu birki ne: idan saƙo ya yi yawa tsakanin ƙwayoyin jijiya biyu, mai karɓa ta saki mabuɗin, ya koma baya ya sa mai aikawa ta sassauta, nan da nan kuma jiki ya narkar da shi. THC kuwa yana shiga kwaɗunan ko'ina a lokaci guda, ya daɗe bai fita ba. Mazaunan sun fi yawa a sashen da ke adana sabon abin da aka koya, da goshin ƙwaƙwalwa mai auna shawara, da sashen ƙeya mai daidaita motsi. Shi ya sa mai shan wiwi ke manta abin da aka faɗa masa ɗazu. Goshin ƙwaƙwalwa ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka ɓarnar ta fi tsanani ga matasa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku a haɗarin taɓin hankali, mai shan wiwi mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. A Najeriya, inda wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na biyu CBD, ba ya bugarwa, kuma tatacce magani ne na gaske. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 da sunan Epidiolex, amma don nau'o'in farfaɗiyar yara biyu masu taurin kai, Dravet da Lennox-Gastaut, sannan ta ƙara na uku a 2020. A gwajin yara 120 masu Dravet, jijjigar waɗanda aka ba maganin ta ragu daga kusan sau 12 a wata zuwa sau 6. Sauƙi ne babba ga uwar da ba ta barci, amma ba waraka ba ce, kuma a kan sauran magungunan yaron aka ɗora shi.

Ga yadda ake ba da shi. Ana auna nauyin yaro, a fara da miligiram 2.5 ga kowane kilo, safe da dare. Bayan mako guda a ninka, ya zama miligiram 10 ga kilo a yini, iyakarsa 20 ga waɗancan nau'o'i biyu. Yaro mai kilo 20 ke nan yana buƙatar miligiram 200 kullum. Kwalbar da aka rubuta miligiram 500 a jikinta kwana biyu da rabi za ta yi masa, in ma rubutun gaskiya ne. Da aka auna kayayyakin CBD 84 da aka saya ta intanet a Amurka a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu, 18 kuma an sami THC a ciki.

Wurin da ake samun matsala shi ne hanta. Dole a gwada jinin hanta kafin a fara, a sake bayan wata ɗaya, wata uku da wata shida, musamman ga yaron da ke shan maganin farfaɗiya valproate, domin haɗuwarsu na wahalar da ita. Mai shan clobazam kuma, wani maganin farfaɗiyar, CBD na hana jiki fitar da abin da maganin ke rikiɗewa ya zama, sai ya taru kusan ninki uku, yaro ya yi ta barci. Abinci mai maiƙo na ninka abin da jiki ke zuƙa, shi ya sa ake so a riƙa ba da shi a yanayi ɗaya kullum. Mafi muni shi ne iyaye su ajiye maganin asibiti rana ɗaya saboda sun sayi mai. Yanke phenobarbital ko carbamazepine kwatsam na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Don haka muna roƙon ka umurci NAFDAC ta sayo samfurin man da ke yawo, ta auna CBD da THC da ke ciki, ta bayyana sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. A zauna da NDLEA a fitar da ƙa'ida ta yadda tataccen CBD mai rajista zai iso ga 'yan yaran da suka cancanta, ta hannun ƙwararru a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika, inda ake iya gwajin hanta da na aikin ƙwaƙwalwa. Wannan ba halatta shan wiwi ba ne, kuma ba ma goyon bayan hakan.

Sai buƙatar da ta fi gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da jijjiga da magungunan da aka saba da su, masu araha. Wanda ya je asibitin ƙauyensu bai samu ba, shi ne ke faɗawa hannun mai talla. A saka waɗannan magunguna cikin kayan da ba sa yankewa a cibiyoyin lafiya matakin farko, a kuma koya wa ma'aikatansu gane farfaɗiya da lissafin awo bisa nauyi.

Allah ya yi maka jagora. Mun gode.

Naka,
Wasu likitoci da masana haɗa magunguna